Babi na Biyar: Rabin Milimita

Duk wanda ya yi ƙuruciya a karkara ya san tsidau, ba sai an nuna masa ba, tafin ƙafarsa ya riga ya haddace shi. Ciyawa ce mai yaɗo, tana shimfiɗe a ƙasa da 'yan furanninta rawaya kamar ba ruwanta da kowa. Sai 'ya'yanta sun bushe ake sanin halinta. Kowane ɗa yakan tsage gida biyar, kowane ɓangare da ƙayoyinsa masu tsini, ga tauri kamar ƙashi. Muna yara, in an aike mu bayan gari da kaka, mukan tsaya da ƙafa ɗaya muna zare shi daga dunduniya, wani lokaci har da ɗigon jini. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abinci a cikin wannan abu ba. Ashe a cikin kowane ɓangare akwai 'yan ƙwayoyi a ɓoye, kuma a wani tsibiri can cikin tekun Fasifik an yi shekarar da rayuwar wasu tsuntsaye ta rataya a kan ko bakinsu zai iya fasa ɗan'uwan tsidau ɗin namu ko ba zai iya ba.

Sunan tsibirin Daphne Major, ɗaya daga cikin tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado, kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar Kudancin Amurka. Bakin wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ya leƙo saman ruwa. Faɗinsa bai kai rabin murabba'in kilomita ba. Babu rijiya, babu ƙorama, babu inuwar kirki. Wurin sauka ma babu, sai dai mai kwale-kwale ya matso kusa, mutum ya jira igiyar ruwa ta ɗaga shi, ya yi tsalle ya dafe dutse, sannan a riƙa miƙo masa jarkokin ruwa da buhunan abinci ɗaya bayan ɗaya. A nan wasu miji da mata 'yan Birtaniya, Peter Grant da Rosemary Grant, waɗanda daga baya suka zama malamai a Jami'ar Princeton ta Amurka, suka fara aiki a shekarar 1973, shekarar da mu a nan fari ya rutsa da ƙasar Hausa har dabbobi suka yi ta zubewa. Sun ci gaba da komawa tsibirin duk shekara har shekara arba'in.

Aikin nasu in ka ji shi sai ka raina. Su kafa raga mai laushi, su kama 'yan tsuntsaye masu cin tsaba da ba su wuce gwara girma ba. Su auna nauyin kowanne, da tsawon fiffikensa, da ƙafarsa. Su ɗauki ɗan ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu irin wanda makanikai ke auna kaurin ƙarfe da shi, su auna tsawon baki, faɗinsa da kaurinsa. Su sa masa zobe mai lamba a ƙafa su sake shi. Saboda ƙanƙantar tsibirin, sai da ta kai kusan babu tsuntsun da ba su san shi ba. Sun san uwarsa, sun san ubansa, sun san da wa ya yi aure, ƙwai nawa aka yi, nawa suka tashi. Hatta tsabar da ke ƙasa sukan keɓe wuri su tsince ta su ƙirga, su gwada ƙarfin da ake bukata kafin a fasa kowace iri.

Na san akwai masu karatu da da zarar sun ji an ambaci juyin halitta sai ransu ya sosu, domin abin da ke fara faɗo musu shi ne gardamar biri da mutum. Wannan babi bai nufi can ba. Abin da ke gabanmu sauyi ne da aka gani da ido, aka auna da ma'auni, aka rubuta a littafi da kwanan wata, a cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya. Manominmu ma ya san tushensa. In ya zo girbi yakan ware zangarniyar geron da ta fi cika ya rataye ta don iri, saboda ya san abu biyu. Ya san 'ya'yan gona ɗaya ba su zama daidai, ya kuma san ɗa na ɗauko uwa. Tambayar da masana ke bi ita ce, in babu manomin da zai zaɓa, me ke faruwa idan fari ko cuta ko guba suka yi zaɓen?

Amsar farko ta zo wa su Grant a 1977. A shekarar ruwan da ya sauka a Daphne bai wuce milimita 24 ba. Ɗalibinsu Peter Boag ne ke tsibirin. Tsuntsayen ba su yi sheƙa ba. Suka cinye ƙananan tsaba masu laushi tun da wuri, abin da ya rage a ƙasa sai masu tauri, musamman tsidau. Tsuntsu mai kaurin baki yakan cafke ɓangaren tsidau, ya danne shi a kan dutse, ya murɗa har ya tsage, ya zaro ƙwaya. Mai siririn baki kuwa sai ya yi ta juya shi yana fama, ƙarfin da ya ɓatar ya fi abin da ya samu, ƙarshe ya yar ya koma tonon tsakuwa. Daga tsuntsaye kimanin 1,200 na jinsin da suka fi sa wa ido, ƙasa da 200 ne suka ga ƙarshen farin. Boag ya yi ta tsintar gawarwaki yana karanta lambar zobe.

Da aka zauna da littattafan awo, sai ga abin a fili. Mutuwar ba ta ɗauki kowa da kowa daidai ba. Waɗanda suka tsira sun fi waɗanda suka mutu kaurin baki, kuma bambancin matsakaicin awo kafin fari da bayansa kimanin rabin milimita ne. Ɗauki rula ta ɗan makaranta ka duba tsakanin ƙananan layuka biyu, ka raba wannan tazara biyu. Iyakarta ke nan. Da ruwa ya dawo a 1978 aka yi ƙyanƙyasa, 'ya'yan da suka taso bakinsu ya fi na tsuntsayen kafin fari kauri da kusan kashi 4 cikin 100. Babu tsuntsu ɗaya da bakinsa ya ƙara girma don ya sha wuya. Fari ya yi musu abin da rariya ke yi wa gari, wasu suka wuce wasu suka tsaya, waɗanda suka tsaya kuma su suka haifi na gaba.

Da sun tattara kayansu a lokacin, da labarin da za mu samu shi ne baki kullum girma yake yi. Sai ga 1983. Ruwan da ake kira El Nino ya yi wata takwas yana zuba, fiye da milimita 1,300. Yaɗo ya lulluɓe tsibirin ya danne tsidau, ƙasa ta cika da ƙananan tsaba. Da wani farin ya biyo baya, masu ƙaramin baki ne suka fi iya tsince abin da ya rage, awo ya juya baya. Shekara ashirin bayan nan aka sake wani fari mai tsanani, amma a wannan karo akwai baƙi, wani jinsi mai ƙaton baki da ya kafa zama a tsibirin tun 1982. Su suka mamaye tsidau. Masu kaurin baki na jinsin farko, waɗanda irinsu suka tsira a 1977, su ne suka fi mutuwa a 2004 zuwa 2005, domin abincin da suka dogara da shi ya samu wanda ya fi su ƙarfi. Fari iri ɗaya, tsibiri ɗaya, amma sakamako ya sha bamban saboda maƙwabci ya sauya.

Jinin da su Grant suka riƙa ɗiga a takarda suna adanawa tun shekaru da dama ya yi rana daga baya. Leif Andersson da ɗalibinsa Sangeet Lamichhaney na Jami'ar Uppsala a Suwidin sun karanta ƙwayoyin gadon tsuntsayen. A 2015 suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna ALX1 tana da hannu a ko baki zai yi tsini ko ya yi dakushi. A 2016 suka nuna wata, HMGA2, mai alaƙa da girman baki, har suka ga yadda nau'inta mai ba da ƙaramin baki ya yawaita cikin waɗanda suka tsira daga farin 2004. Wato abin da aka fara gani da ma'aunin makanike an bi shi har cikin jini.

Akwai wani tsuntsu guda a labarin Daphne da zan dawo kansa a ƙarshen babin nan. A yanzu bari mu bar zafin rana mu shiga ɗakin gwaje-gwaje.

Matsalar mai nazarin tsuntsu ita ce shekara arba'in ba ta ba shi zuriya mai yawa. Richard Lenski ya nemi halittar da ke haihuwa sau da dama a yini, ya zaɓi bakteriyar nan da ke zaune a hanjin kowannenmu, E. coli. Ranar 24 ga Fabrairun 1988, yana Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ya zuba ta a kwalabe goma sha biyu, dukkansu daga kaka ɗaya, kowace kwalba da ruwa mililita 10 da ɗan sukari ƙalilan. Cikin 'yan sa'o'i sukan cinye sukarin su zauna da yunwa. Washegari a ɗebi kashi ɗaya cikin ɗari a zuba a sabuwar kwalba. Duk wanda ya ga yadda ake sa ragowar nonon jiya a madarar yau don ta kama ya gane tsarin. Kullum haka, ranar aiki da ranar hutu, da sanyi da zafi. A yini ana samun zuriya shida da ɗoriya. Lenski ya koma da kwalabensa Jami'ar Jihar Michigan a 1991, a 2022 kuma ya miƙa su ga tsohon almajirinsa Jeffrey Barrick na Jami'ar Texas, lokacin an kai zuriya 75,000. In da mutane ne, ana maganar shekara fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Dabarar da ta fi burge ni a aikin ita ce firiza. Duk bayan zuriya 500, wato kwana 75, sai a ɗebi samfur daga kowace kwalba a daskarar. Bakteriya ba ta mutuwa a ƙanƙara, in an narkar za ta farka ta ci gaba da rayuwa. Saboda haka ana iya tashin kakan kakanni a zuba shi a kwalba ɗaya da tattaɓa-kunnensa na nesa, a ga wa zai riga wani cinye abinci. Da aka gwada a zuriya ta 50,000, jikokin sun fi kakan saurin yaɗuwa da kusan kashi 70 cikin 100, kuma ƙaruwar ba ta tsaya ba, sai dai ta rage gudu.

Wata safiya a 2003, aka tarar ɗaya daga cikin kwalaben ta yi duhu fiye da sauran, alamar bakteriya ta yi yawa fiye da abin da ɗan sukarin zai iya ciyarwa. Zaton farko shi ne wata baƙuwar ƙwaya ce ta gurɓata kwalbar. Aka koma firiza aka sake, abin ya maimaitu. A cikin ruwan nan dama akwai sinadarin sitiret, dangin abin da ke sa lemon tsami tsami. E. coli ba ta iya cin sa inda akwai iska, har da wannan ake gane ta a asibiti. To a wajen zuriya ta 31,500, zuriyar kwalba ɗaya ta samu hanyar ci. Wani ɓangare na ƙwayoyin gadonta ne ya kwafu sau biyu, kwafin ya faɗa kusa da wani makunni da ke aiki idan akwai iska, ƙofar da take a rufe ta buɗe. Wani ɗalibi, Zachary Blount, ya ɗauki shekaru yana tashin samfura na lokuta daban-daban yana sake musu tafiyar daga inda suka tsaya. Abin da ya samu shi ne, sai waɗanda aka ɗauko daga wajen zuriya ta 20,000 zuwa sama ne suka sake gano cin sitiret, su ma jefi-jefi. Akwai wasu ƙananan sauye-sauye da suka riga suka share fage ba tare da kowa ya lura ba. Sauran kwalabe goma sha ɗaya, masu abinci iri ɗaya da kaka ɗaya, dubban zuriya sun wuce ba su kai ga wannan ƙofa ba.

Shekara goma sha biyar Lenski ya yi yana zuba ruwa daga kwalba zuwa kwalba kafin wannan safiya. Tallafin bincike kuwa yawanci na shekara uku ne zuwa biyar, digiri na biyu shekara biyu. A ganina wannan ne babban cikas ga irin wannan ilimi a ko'ina, balle a wurinmu. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma sai an bar shi a bakin murhun.

Wani lokaci kuma sa'a ce ke haɗa mai bincike da abin da yake nema. A 2017 Colin Donihue na Jami'ar Harvard ya gama auna wasu ƙananan ƙadangaru a tsibiran Turks da Caicos, kwanaki kaɗan bayan tafiyarsa mahaukaciyar guguwa Irma ta afka wa wurin, Maria ta biyo bayanta. Ya dawo bayan mako shida ya sake awo. Waɗanda suka rage sun fi faɗin tafin yatsu, abin da suke manne wa reshe da shi. Har injin hura ganye suka kunna wa ƙadangarun a kan sanda don su ga yadda suke riƙewa, da raga a baya tana tare su.

Labarin giwayen Gorongosa ya fi wannan nauyi, domin mu 'yan Adam ne guguwar. A yaƙin basasar Mozambik, daga 1977 zuwa 1992, ɓangarorin biyu sun yi ta kashe giwaye suna sayar da haure don sayen makamai. Kusan kashi 90 cikin 100 na giwayen gandun suka ƙare. Dama can akan samu giwa mace da aka haifa ba haure, kafin yaƙi irinsu sun kai kashi 18 da ɗoriya cikin 100 na matan. Mai neman haure ba ya ɓata harsashi a kansu. Bayan yaƙi, rabin matan da suka rage ba su da haure, kuma cikin 'ya'ya matan da aka haifa daga baya, ɗaya cikin uku haka take. Shane Campbell-Staton na Princeton, tare da Joyce Poole wadda ta shafe rayuwarta tana nazarin giwaye, sun wallafa bayanin a 2021. Sun lura cewa a gandun ba a ganin namiji marar haure, kuma uwa marar haure kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta mata ne. Bincikensu ya kai su ga wani yanki na ƙunshin gadon da ake kira X, inda wata ƙwaya mai aikin gina haƙori take. Alamu sun nuna cewa ɗan tayi namiji da ya gaji wannan sauyi ba ya rayuwa. Abin da ya ceci uwa daga bindiga, shi ke cinye rabin 'ya'yanta maza tun suna ciki. Haure kuma ba ado ba ne, da shi giwa ke tonon ruwa a busasshen rafi, da shi take ɓare bawon itace, ramukan da ta tona kuma wasu dabbobin na sha.

Ba sai mun je Mozambik ba kafin mu ga hannunmu a irin wannan. Yana cikin ɗakin kwananmu.

Sau nawa ka ji an ce sauron yanzu ba ya jin magani, ya saba? Maganar tana da gaskiya, amma kalmar sabo tana ɓatar da mu. Sauro 'yan makonni yake rayuwa, ba shi da lokacin sabawa da komai. Abin da ya faru da tsuntsayen Daphne ne ke faruwa, sai dai a nan gubar da muka shafa a gidan sauro, da wadda muke fesa wa shinkafa da auduga da tumatir, ita ce farin. Ga yadda ake aunawa. A je gonakin shinkafa ko kududdufi da ludayi a kamfato 'ya'yan sauro masu wutsil-wutsil, a rene su a ɗaki har su fashe. A zaɓi mata 'yan kwana uku zuwa biyar, a zuba kamar 25 a wani bututun roba da aka shimfiɗa wa takarda mai magani a ciki. Su yi sa'a ɗaya. A mayar da su bututu mai tsabta, a ɗora musu auduga mai ruwan sukari, a jira kwana ɗaya, a ƙirga gawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, sauron wurin ya bijire wa maganin.

Sulaiman Ibrahim na Jami'ar Bayero ta Kano, tare da Charles Wondji na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, sun yi irin wannan gwaji da sauron Auyo da na Bunkure, suka wallafa a 2014 cewa sauron ya bijire wa maganin ƙwari na DDT da kuma dangin maganin da ake sa wa gidan sauro. Sun samu sauyin gadon da ake kira kdr da yawa a jikinsu. Maganin yana kashewa ne ta hanyar kama wata 'yar ƙofa a jijiyar sauro ya hana ta rufuwa. Harafi ɗaya tak a rubutun gado in ya sauya, siffar ƙofar takan sauya, maganin ya kasa kama ta da kyau. Akwai kuma sauron da jikinsa ke sarrafa sinadaran da ke narkar da gubar kafin ta isa jijiya. A Mali, masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun ga wani abin da ya fi wannan. A wajen 2006, daidai lokacin da rabon gidan sauro mai magani ya yawaita, wannan sauyi na kdr ya tsallaka daga wani jinsin sauro mai yaɗa maleriya zuwa wani ta hanyar barbara tsakaninsu, abin da ba kasafai yake faruwa ba, ya kuma bazu cikin 'yan shekaru. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sabon gidan sauro mai magani iri biyu, domin da wuya sauro ɗaya ya zo da kariyar duka biyun.

Ƙwayar cutar ma haka take. Manyanmu sun tuna lokacin da kulorakwin ke sauke zazzaɓi, sun kuma tuna lokacin da ya daina. Malawi ta janye shi a 1993. Bayan shekara goma sha biyu, masu bincike na Jami'ar Maryland da abokan aikinsu suka gwada shi a birnin Blantyre, ya warkar da kusan kashi 99 cikin 100 na yaran da aka ba. Ashe kariyar tana da tsada ga ƙwayar cutar, da aka ɗauke maganin sai marasa kariya suka rinjaye ta, kamar yadda bakin tsuntsu ya koma baya bayan ruwan 1983. Wannan ba izini ba ne ga kowa ya koma shan kulorakwin, domin da an dawo da shi gadan-gadan rariyar za ta sake juyawa.

Yanzu ga tsuntsun da na ce zan dawo kansa. A 1981 wani ɗalibin su Grant ya kama wani baƙon namiji a Daphne, ya fi 'yan gida girma, kukansa kuma daban. Suka sa masa zobe mai lamba 5110. Sai bayan shekaru fiye da talatin gwajin jini ya nuna daga tsibirin Española ya fito, tafiyar sama da kilomita 100. Ya samu mace 'yar gida suka hayayyafa. A wajen waɗannan tsuntsaye ɗa namiji daga ubansa yake koyon kuka, mace kuma takan zaɓi mai kuka da baki irin na ubanta. 'Ya'yan baƙon suka tashi da kukan da matan tsibirin ba su kula shi, sai suka koma auren junansu. Farin 2004 ya kusa shafe su, ya bar wa da ƙanwa, su biyun suka sake tayar da gidan. Su Grant sun bi zuriyar har hawa shida, kuma a 2017 suka wallafa tare da mutanen Uppsala cewa wannan gida yana zaman kansa kamar jinsi dabam, da bakinsa da kukansa da abincinsa.

Abin da ya sa na ajiye wannan labari zuwa nan shi ne muna da irinsa a Filato, ko ma wanda ya fi shi. Akwai wasu 'yan tsuntsaye a Afirka, namijinsu baƙi ne mai sheƙi kamar shuni, waɗanda ba sa gina sheƙa. Macen takan saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar wasu 'yan jajayen tsuntsaye masu cin tsaba, irin waɗanda ke sauka tsakar gida suna tsintar tsaki. Ɗan da aka ƙyanƙyashe ba ya kashe 'ya'yan masu gida, tare suke tashi. In ya buɗe baki neman abinci, ɗige-ɗige da launin cikin bakinsa sun yi kama da na 'ya'yan gidan, har uwar riƙon ba ta bambancewa. In namiji ne, zai girma yana rera kukan uban riƙonsa. In mace ce, za ta nemi namiji mai wannan kuka, ta kuma kai ƙwanta sheƙar irin waɗanda suka rene ta. Robert Payne na Jami'ar Michigan ya gwada wannan a keji. Ya ba wani jinsin tsuntsu dabam riƙon 'ya'yan, suka tashi da kukan sabon gida, matan kuma suka koma saka ƙwai a can. Wato kuskuren uwa ɗaya, ta saka ƙwai a sheƙar da ba ta gada ba, yana iya tsaga sabon reshe a zuriya ɗaya. A 2003 Michael Sorenson na Jami'ar Boston da Payne da abokiyar aikinsu suka nuna da gwajin gado cewa jinsunan waɗannan tsuntsaye ba su daɗe da rabuwa ba, kuma ta wannan hanyar sauya gidan riƙo suka rabu.

A kan duwatsun Jos Payne ya saurari wani daga cikin baƙaƙen nan yana kwaikwayon kukan da bai dace da na wani jan tsuntsu da masana suka sani ba. Tunda ɓarawon kuka ba ya ƙirƙira, dole akwai mai kukan na asali. Aka bi sawu aka same shi a cikin duwatsu, kuma a 1998 Payne ya bayyana shi a matsayin jinsin da ilimin kimiyya bai taɓa rubutawa ba. Su biyun, mai gida da ɗan riƙo, suna nan a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, 'yan kilomitoci gabas da Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos take horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Da sassafe ɗaliban kan kafa raga a tsakanin duwatsu, su zare tsuntsu a hankali, su auna fiffike da nauyi, su matse masa zobe a ƙafa, su rubuta lamba da kwanan wata a littafi, su buɗe hannu ya tashi.